Yadda za ka fitar da shafin kamfaninka na tafiye-tafiye daga cikin tsara

Buɗe shafukan intanet na kamfanonin jirgin yawo da masu yankar tikiti a Kano ko Kaduna ko Abuja, ka jera su, za ka rantse hannu ɗaya ne ya haɗa su. Hoton Ka'aba da aka ciro daga Google, jirgi yana ratsa gajimare, sai rubutu da Turanci cewa su ne kan gaba wajen amana da rahusa. Babu farashi, babu sunan otal, wani sa'in lambar wayar ma ba ta shiga. Mai neman tafiya ya duba bai samu amsar ko ɗaya daga cikin tambayoyinsa ba, sai ya rufe, ya kira yayansa ya ce, "Yaya, wai wa ya kai ku Umara bara?"

A ɗaya gefen kuma ga manya. Wakanow da Travelstart suna sayar da tikiti dare da rana, Booking.com yana da otal a kowane lungu na Makka, ga manhajar Nusuk ta hidimar masu Hajji da Umara da Saudiyya ta fito da ita a 2022. Ba za ka kayar da su a kuɗin talla ba, ba kuma za ka fi su yawan kaya ba. Inda suke da rauni shi ne ba su san fasinjanka ba. Ba su san Hajiya tana da ciwon gwiwa ba, ba su san ɗanta ne a Legas zai biya kuɗin kuma yana tsoron a damfare shi ba. Duk matakan da ke tafe a kan wannan suka tsaya: shafinka ya amsa tambayoyin da mutum ke yi kafin ya tura kuɗi, waɗanda abokan gasarka suke nuƙu-nuƙu a kansu.

Mataki na farko: zaɓi wanda kake yi wa magana

Kafin ka kira mai haɗa shafi, ɗauko littafin cinikinka na shekara biyu da suka wuce, ka ƙirga. Su wa suka fi kawo maka kuɗi? Masu Umarar azumi ne? 'Yan kasuwar Kantin Kwari da Sabon Gari masu zuwa Guangzhou da Dubai? Ɗalibai masu tafiya Masar da Indiya? Marasa lafiya da masu jinyarsu? Wanda ya fi yawa, shi za ka ɗora a goshin shafin. Sauran su koma ƙananan shafuka a ciki.

Da yawa suna ƙin wannan shawara, wai kada su kori ciniki. Amma shafin da ya ce yana yin komai, daga Hajji har hutun amarci, ba ya zama a ran kowa. Wanda ya ce "Umara daga Kano ga tsofaffi da masu buƙatar keken guragu" zai zauna a zuciyar duk mai tsohuwa a gida, kuma idan ya yi masa aiki mai kyau, shi ne zai dawo neman tikitin China. A nan zan ɗauki Umara a matsayin misali, domin a nan gasar ta fi zafi, amma hanyar ɗaya ce ga sauran.

Mataki na biyu: baje takardunka a fili

Harkar nan ta sha ɓata suna. Kusan kowa ya san wani da aka karɓi kuɗinsa biza ba ta fito ba, ko aka kai shi aka yasar a filin jirgin Jidda. Saboda haka mai shigowa shafinka da zargi yake shigowa, kuma bai yi laifi ba.

Sanya cikakken sunan kamfanin kamar yadda yake a rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, da lambar rajistar, a ƙasan kowane shafi. Kowa na iya bincika sunan kamfani a shafin hukumar, don haka ka ce masa ya je ya duba. Idan kana da lasisin Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, nuna shi da shekararsa, tunda hukumar takan fitar da jerin kamfanonin da ta amince da su. Haka lambar IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, da shaidar zama ɗan NANTA, ƙungiyar kamfanonin tafiye-tafiye ta Najeriya, ko AHUON, ta masu jigilar Hajji da Umara, in kana ciki. Idan ba ka da lasisin kanka, ta ƙarƙashin wani kamfani kake aiki, faɗi haka ka ambaci sunansa da izininsa. Wannan ya fi a gano daga baya. Kamfanin da ke Maraɗi ko Damagaram kuwa, takardar izinin hukumar Hajji da Umara ta Nijar zai nuna.

Sai adireshin ofis na gaskiya, da kwatance irin namu: titi kaza, daura da gidan mai kaza, hawa na biyu. Ɗauki hoton gaban ginin da rana, yadda mai zuwa zai gane shi daga cikin adaidaita sahu. Sanya hotunan ma'aikatanka da aikin kowa, musamman wanda zai tarbi matafiya a can.

Adireshin shafin ma shaida ne. Yi rajistar suna mai ƙarewa da .ng ko .com.ng ko .com, gajere, wanda za a iya faɗa a rediyo a riƙe. Ka tabbata da sunan kamfaninka aka yi rajistar, ba da sunan yaron da ya haɗa maka shafin ba, don ranar da kuka saɓa zai iya tafiya da shi. Imel ɗinka ya ɗauki sunan shafin maimakon Gmail. Kuma a kunna maka tsaron da ke sa adireshi ya fara da https. Akwai na kyauta daga Let's Encrypt, kuma in babu shi, manhajar Chrome za ta rubuta wa baƙonka cewa shafin ba amintacce ba ne.

Mataki na uku: kowane tsarin tafiya da shafinsa, kuma ka faɗi komai

A nan ake cin gasar ko a faɗi, don haka zan ɗan daɗe.

Abin da aka saba gani shi ne takardar talla ɗaya mai ɗauke da "VIP, Standard, Economy", da alkawarin "otal kusa da Harami". Kusa ɗin nan ita ce tushen rabin rigimar da ake yi bayan an dawo. A Makka, otal a Ajyad ko a farkon titin Ibrahimul Khalil daban yake da na can ƙarshen Misfala, duka kuma daban suke da na Kudai ko Aziziyya inda sai an hau bas. Saboda haka ka rubuta sunan otal, unguwarsa, da nisansa daga farfajiyar masallaci da mita, sannan minti nawa ne a ƙafa ga dattijo, ba ga saurayi ba. In akwai hawa a hanyar, faɗi. Makka gari ne mai tsaunuka, mita 600 a kan gangare ba ɗaya ba ne da mita 600 a shimfiɗe. In da bas ake zuwa, ina yake sauke mutane, kuma yana aiki bayan Tarawihi lokacin da ake rufe hanyoyi? A Madina ka bayyana ko otal ɗin yana cikin Markaziyya, unguwar da ke kewaye da Masallacin Annabi, kuma ta wane ɓangare, domin mata sun fi son kusa da ƙofofinsu.

Kada ka rubuta "ko makamancinsa" ka yi shiru. Idan dole ne a iya sauya otal, lissafa sunayen biyu da za a iya komawa, mutum ya san iyakar abin da zai tarar.

Daga nan sai ɗaki: mutum nawa, biyu ko uku ko huɗu? Ana raba maza da mata ko ana haɗa iyali? Sai abinci: sau nawa a rana, na otal ne ko na gida? Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Dattijon da ya yi kwana goma bai ga tuwo ba, shi ya san abin da ke damunsa, kuma idan kana da mai girkin gida a can, abin alfahari ne da Booking.com ba zai taɓa iya rubutawa ba.

Sai jirgi. Wane kamfani, daga wane fili, kai tsaye ne daga filin jirgin Malam Aminu Kano ko za a ya da zango a Adis Ababa ko Alƙahira ko Doha, kuma awa nawa za a zauna a can? Kilo nawa na kaya aka yarda? Ruwan Zamzam na lita 5 yana ciki? A Jidda za a sauka ko a Madina? Wannan tambaya tana da nauyi a ibada: wanda zai sauka Jidda ya wuce Makka, tun kafin jirgi ya kai mikati zai shirya haraminsa, shi kuwa wanda ya fara da Madina sai a Zul Hulaifa. Mai zuwan fari bai san wannan ba sai an gaya masa. Tsakanin biranen biyu kuma, bas ne ko jirgin ƙasa na Haramaini da aka buɗe a 2018? Hanyar kusan kilomita 450 ce. Jirgin ƙasa yakan ci awa biyu da wani abu, bas kuwa awa biyar zuwa shida.

Ƙasa da wannan, buɗe wani sashe ka kira shi "Abin da ba ya cikin kuɗin". Kuɗin fasfo, allurar rigakafi, mai tura keke a ɗawafi da sa'ayi, layin waya, ƙarin kaya, ziyarar Ɗa'if in ba a ciki take ba. Abokan gasarka ba sa son rubuta wannan sashe, suna ganin yana rage armashin talla. Ni a ganina shi ne sashen da ya fi kowane sayar da kujera, domin mai karatu yana gama shi ya san da wa yake magana.

Na ƙarshe a wannan shafi: idan biza ba ta fito ba fa? Idan mutum ya fasa saboda rashin lafiya ko rasuwa? Nawa za a mayar, nawa ba za a iya mayarwa ba saboda ya riga ya shiga hannun kamfanin jirgi ko otal, kuma cikin kwana nawa? Rubuta shi da Hausar da kowa zai gane, ba da yaren lauyoyi ba. Ka ƙara da jan kunne cewa bizar Umara ba ta Hajji ba ce, kuma ba ka cikin harkar masu maƙalewa bayan wa'adinsu ya ƙare.

Mataki na huɗu: rubuta farashi

"Tuntuɓe mu don jin farashi" kamar ka shiga shago ne a Kwari mai kaya ya hana ka taɓa atamfa sai kun gama ciniki. Na san dalilin ɓoyewar: canji. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, farashin yau ba lallai ya kai jibi ba. Amma maganin wannan yana da sauƙi. Kuɗin otal da motoci da riyal kake biya, riyal kuma a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 a kan dala ɗaya. To ka rubuta farashin da naira, ka sa ranar da aka lissafa shi da canjin da aka yi amfani da shi, ka ce yana aiki zuwa ranar kaza, kuma wanda ya biya kafin alƙalami an tsayar masa da farashin ko yaya. Ka ɗora wa mutum ɗaya a ofis alhakin sabunta wannan kowace safiyar Litinin. Tsohon farashi a shafi ya fi rashin farashi muni.

In kana karɓar kuɗi kaɗan-kaɗan, bayyana tsarin da kwanakinsa. Mutanenmu sun saba da adashe, har NAHCON ma ta buɗe tsarin adashin gata na Hajji tare da bankin Jaiz a 2020.

Mataki na biyar: hotunanka, ba na aro ba

Aika wakilinka na Makka ya fito daga ƙofar otal da waya a hannu, ya yi bidiyo yana tafiya har farfajiyar Harami ba tare da ya yanke ba. A ga shagunan da ake wucewa, a ga hawan, a ga inda ake tsallaka titi, a ji yana cewa "ga mu mun iso Hasumiyar Agogo". Sannan ya shiga ɗaki ya nuna gadaje, ya buɗe bayan gida, ya kunna famfo, ya nuna lif nawa ne a ginin. Gani ya kori ji. Ɗora bidiyon a YouTube ka jawo shi cikin shafin, kada ya yi masa nauyi.

Kafin ka sa hoton kowane matafiyi, musamman mata, nemi izini. Kuma ka daina wannan al'ada ta ɗora hoton fasfo da biza a Facebook don nuna an fito da su. Bayanan mutane ne, 'yan damfara suna kwashe su, kuma akwai dokar kare bayanan jama'a da Najeriya ta kafa a 2023.

Mataki na shida: gwada shafin a ƙaramar waya

Mai haɗa shafi zai nuna maka shi a babbar kwamfutarsa mai intanet mai gudu. Karɓi wayar masinjan ofis, Tecno ko itel, ka fita waje ka buɗe da data. Idan ka gaji da jira, fasinjanka ma ya gaji. Hotuna ne kan jawo nauyi, a matse su a mayar da su tsarin WebP, a cire bidiyon da ke kunna kansa da hotunan da ke zagayawa a sama. Google yana da ma'auni na kyauta, PageSpeed Insights. Yana son babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Rubutu ya zama manya, don masu karantawa da yawa sun haura hamsin.

Mataki na bakwai: rubuta da Hausa abin da ake tambayarka a ofis

Nan ma fili ne da manya suka bari. Zauna da mai amsa waya, ku rubuta tambayoyi ashirin da aka fi yi. Kowace tambaya ta zama gajeren rubutu mai zaman kansa: wata nawa ya kamata ya rage a fasfo (shida aƙalla), ina ake karɓar katin rigakafin shawara da allurar sanƙarau, yadda ake neman izinin shiga Rauda a manhajar Nusuk, abin da mace za ta yi idan al'ada ta zo mata kafin ɗawafi, irin maganin da ya kamata a taho da takardar likitansa. Abin da ya shafi hukunci, ka nemi malami ya duba kafin ka wallafa. Abin da ya shafi dokokin Saudiyya kuwa, sa kwanan wata a kansa, don kusan kowace kaka sai an sauya wani abu.

Kada ka zuba Turanci a manhajar fassara ka liƙa. Mai karatu yana ganewa tun layin farko. Ka kuma tuna yadda ake bincike a waya: mutane kan rubuta "kudin umara daga kano" ba tare da ƙugiya ba, wasu su rubuta Umrah. Rubutunka ya tafi da daidaitacciyar Hausa, amma ka bar rubutun biyu su fito a kanun shafi. Ajiye sashen Turanci a gefe saboda 'ya'yan da ke biya daga Abuja ko Landan. Ga waɗanda karatun boko bai zauna musu ba, saƙon murya na minti biyu a saman shafin yana aiki sosai.

Haɗa shafin da Google Search Console, kyauta ne, zai nuna maka ainihin kalmomin da aka rubuta aka iso gare ka. Daga nan za ka san rubutu na gaba.

Mataki na takwas: daga shafi zuwa WhatsApp, daga nan zuwa biya

A wajenmu ba kasafai ake tura miliyoyi ba tare da an ji muryar mutum ba. Don haka aikin shafin shi ne ya kai baƙo ga hira yana da rabin yarda. Sa maɓallin WhatsApp Business a kowane tsarin tafiya, a saita shi ya buɗe da saƙo a rubuce: "Assalamu alaikum, ina tambaya a kan Umarar goman ƙarshe, ɗaki mai mutum huɗu." Ta haka ma'aikacinka ya san inda zai ɗora. Rubuta lokutan da ake amsawa, ka cika su. Wanda ya yi sallama da hantsi aka amsa masa bayan isha'i, ya riga ya biya wani.

Asusun banki ya zama na kamfani, sunansa daidai da na CAC. Rubuta da manyan baƙaƙe cewa ba ka karɓar kuɗi ta asusun kowane mutum, ko da ya ce shi wakilinka ne. Ga mai son biya da kati, haɗa Paystack ko Flutterwave. Kowane biya ya fito da rasiɗi mai ɗauke da sunan tsarin da sunan otal.

Mataki na tara: bar waɗanda suka dawo su yi magana

Buɗe Google Business Profile, shi ma kyauta ne, shi ke sa ofishinka ya fito a taswira. Kwana uku ko huɗu bayan tawaga ta sauka, lokacin da ake ta zuwa yi musu barka da dawowa ana rabon dabino da bagaruwa, kira su ɗaya bayan ɗaya ka gaishe su, sannan ka roƙi wanda ya ji daɗi ya rubuta ko ya yi gajeren bidiyo. Ka roƙe shi ya faɗi takamaiman abu, kamar yadda aka yi da jakarsa da ta ɓata, ba "kamfani mai kyau" kawai ba. Kada ka sa 'yan ofis su rubuta yabon ƙarya. Google ya haramta, kuma taurari biyar-biyar guda talatin a rana ɗaya ba sa ruɗar kowa. Idan wani ya yi ƙorafi a fili, amsa masa a fili cikin ladabi, ka faɗi abin da ya faru da abin da ka gyara. Masu karatu sun fi duba amsarka a kan ƙorafin kansa.

Mataki na goma: bi kalanda

Kasuwar nan da wata take tafiya. Shekarar Musulunci tana matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara, don haka liƙa kalanda biyu a bango. Shafin Umarar azumi ya kasance a shirye tun Rajab, domin Google yakan ɗauki makonni kafin ya ɗaga sabon shafi. Na Rabi'ul Awwal tun Muharram. Na hutun Disamba tun Oktoba. In kana da 'yan kasuwa, baje kolin Canton a Guangzhou sau biyu ne a shekara, daga tsakiyar Afrilu da kuma tsakiyar Oktoba, biza kuma tana son wuri. Da zarar tawaga ta tashi, kada ka goge shafinta. Rubuta "an cike" a kai, ka bar hotuna da bayanan, ka sa wurin da mai son ta baɗi zai ajiye lambarsa. A ƙarshen kowane wata kuma ka tambayi duk wanda ya biya ta ina ya same ka, ka rubuta amsar a gefen sunansa a littafin ciniki, ka karkatar da kuɗin tallan wata mai zuwa ga hanyar da ta fi kawo masu biya.